Haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba da yi masa fenti: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk wanda ya ga jiragen nan a jere cikin shogilas tambayoyinsa ɗaya ne da na wanda ya rigaye shi, shi yasa na ce bari na tattara su wuri guda, wanda yake da niyyar farawa ya samu abun riƙewa kafin ya zuba kuɗinsa.

Wai kai kake sassaƙa su ko siyowa kake a haɗe?

Ba ko ɗaya. A kwali suke zuwa gutsi-gutsi, gangar jiki rabi biyu, fukafukai sama da ƙasa, tayoyi, farfela, kujerar matuƙi, duk suna maƙale jikin wani firam na roba, kowane yanki da lambarsa, sai takardar zane da take nuna maka wanne zai shiga wanne, sai kuma 'yar takardar sitika mai tambarin rundunar da jirgin ya yiwa aiki. Robar launi ɗaya ce, galibi toka-toka, duk wani kyau da ka gani a jikin jirgin hannun mai haɗawa ne. Abun ya daɗe fa, tun 1936 kamfanin Frog a Ingila ya fara fitar da irinsu na roba, kamfanin Airfix kuma ya fito da Spitfire ɗinsa na farko, wani jirgin yaƙin Ingila, a 1953, kuma har yau kamfanin yana nan. Wanda ya taɓa yin motar kara ko ta gwangwani yana yaro hannunsa ya riga ya san rabin aikin, bambancin kawai nan an auna maka komai daga jikin jirgin gaske.

Me ake nufi da 1/72 da 1/48 da nake gani a jikin kwali?

Sau nawa aka rage girman jirgin gasken kenan. Spitfire faɗin fukafukansa mita 11 da ɗoriya ne, a 1/72 zai dawo wajen santimita 15 da rabi, a 1/48 wajen 23, a 1/32 kuma wajen 35. Kaga kenan duk sanda lambar ƙasan ta ragu jirgin girma yake. Kafin ka sayi babba ka fara tunanin inda zaka ajiye, C-130 irin wanda sojan samanmu suke ɗaukar kaya da shi a 1/72 ma faɗinsa ya haura santimita 55, ya cinye rabin tebur. Ni dai 1/72 nake cewa mutum ya fara da shi, yafi araha, baya shan fenti, kuma kusan babu jirgin da ba a yi a wannan girman ba. 1/48 yafi daɗi ga wanda idonsa ya fara gajiya ko yatsunsa manya ne.

Wane jirgi zan fara da shi?

Mai inji ɗaya, mai farfela, wanda gutsattsarinsa basu wuce 30 zuwa 50 ba. Spitfire, Hurricane, P-51 Mustang, Bf 109 ko Zero na Japan, duk sun yi. Matsalar sabon shiga ita ce ido, ya ga F-14 ko Su-27 a jikin kwali da makamai jere a ƙarƙashin fiffike sai yace shi wannan yake so, alhali kowane makami ɗaya sai an haɗa shi an goge an yi masa fenti an manna masa sitika ƙanana guda nawa, kafin a je rabi gajiya ta zo kwali ya koma saman wadirob. Ka ɗauki ƙarami ka gama shi ko da ya fito a karkace, na biyu zai fi shi.

Kamfani ma yana da tasiri. Na Tamiya sun yi suna wajen zama cif, yanki ya shiga ɗan'uwansa ba gardama, sai dai tsada. Sababbin Airfix da Academy da Revell suna da kyau ga mai koyo, akwai ma masu zuwa da 'yan fenti da gam da buroshi a cikin kwalin. Amma ka lura, kamfanoni suna sake fito da tsohon zubi na shekarun 1960 da 1970 a cikin sabon kwali mai ƙyalli, ka buɗe ka tarar da roba mai kauri da giɓi ko'ina, saboda haka ka duba shekarar da aka fara zuba shi kafin ka biya, shafin intanet na Scalemates yana nuna wannan tarihin kit bayan kit, kit shine kwalin jirgin da ba a haɗa ba.

Kayan aiki fa, sai na kashe kuɗi da yawa?

A'a wallahi. Abun yanke farce sabo zai cire maka yanki daga firam, reza ko wuƙar tiyata da ake samu a kemis zata kankare ragowar, sanfefa mai laushi lamba 400 da 600 da 1000 wajen masu fentin mota ake samu, matsefata, tsinken sakace, audugar goge kunne, maƙalin shanya da robar ɗaure kuɗi domin matse abu har gam ya kama. Abu biyu ne nake cewa kar a yi musu rowa, gam na asali da buroshi mai kyau guda biyu, siriri ɗaya mai faɗi ɗaya. Kuma don Allah kar ka murɗe yanki da hannu daga jikin firam, yana tafiya da naman robar ya bar rami. Ka yanka nesa kaɗan sannan ka biyo da reza, bakin rezar yana kallon waje ba yatsanka ba.

Sufa gulu bazai yi ba?

Zai riƙe, amma ba shi bane gam ɗin aikin. Gam ɗin roba na gaske narkar da fuskar robar yake kaɗan, ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu ɗaya. Irin Tamiya Extra Thin ruwa ne tsararo mai ɗan buroshi a jikin murfi, zaka haɗa yankunan biyu tukunna ka riƙe, sannan ka taɓa bakin buroshin a layin haɗin, da kansa zai bi layin ya shige ciki. Ka matsa kaɗan zaka ga narkakkiyar roba ta ɗan bulbulo, ka barta ta bushe har gobe, ita ce zata cike maka layin in ka zo gogewa. Abun kiyayewa shine yatsa, in gam ya bi ta ƙarƙashin yatsanka zanen yatsan nan zai zauna a jikin fiffike raɗau.

Sufa gulu yana da wurinsa, manna ƙarfe da roba ko gyaran ƙafar da ta karye. Amma kar ya kusanci gilashin kan matuƙi, tururinsa yana mayar da gilashin fari fat kamar ya yi yana. Wannan farin gam na kafintoci ake sa masa, ɗigo kaɗan da tsinke, in ya bushe baya nunawa.

Ta ina ake fara haɗawa?

Daga ciki. Mazaunin matuƙi ake fara haɗawa a yi masa fenti tun kafin a rufe gangar jiki, don in ka rufe buroshi bazai shiga ba. Kuma kowane yanki ka gwada shi a bushe kafin gam, in bai zauna ba ka nemo abun da ya tokare shi ka kankare. Bayan an rufe jiki sai fukafukai da wutsiya, ka ɗaga jirgin ka kalle shi ta gaba ido ɗaya a rufe ka tabbata fiffiken dama da na hagu sun tashi daidai, gam yana baka 'yan mintuna na gyara.

Sai wurin da yafi cin rai, layin da ya bi ta tsakiyar bayan jirgi inda rabi biyun suka haɗu. Jirgin gaske mafi yawansu basu da wannan layin, kuma fenti baya ɓoye shi, ƙara fito da shi ma yake. Ka goge da 400 ka biyo da 600 da 1000 da ɗan ruwa, in akwai giɓi ka cike da foti ka jira ya bushe ka sake gogewa, ka shafa ɗan fenti a wurin ka duba a haske, in yana nan ka sake. Nan ne ake gane wanda ya yi haƙuri da wanda ya yi sauri, daga nesa ma ana gani. Tayoyi, farfela, eriya da bindigogi ka barsu sai ƙarshe, in ba haka ba sai ka karya su wajen juya jirgin.

Nawa na gama shi amma da wutsiya yake zama, hancin a sama, me ya faru?

Baka sa masa nauyi a hanci ba. Duk jirgin da yake da taya a gaba, irinsu MiG-17, L-29, Alpha Jet ko P-39, na gasken nauyin kayan cikinsa ne yake danne gabansa, na roba kuwa fanko ne, bayan yafi nauyi. Takardar takan rubuta giram nawa zaka sa. Dalmar da masu faci suke maƙalawa jikin rim ko ta masu kamun kifi ko ƙananan notuna, ka cusa a hanci ka riƙe da farin gam kafin ka rufe jiki. In ka riga ka rufe, duba ko zaka iya zura ƙananan dalma ta ramin tayar gaba, in ya ƙi sai ka manne tayoyin a kan ɗan katako kace dama haka ka shirya.

Wane irin fenti ake amfani da shi? Na gida ko na mota zai yi?

Fentin bango da na ƙofa kauri gare su, zasu cike duk 'yan layukan da aka zana a jikin jirgin ya dawo sumul kamar sabulu. Fentin mota da tinansa kuma zafi gare su, in ka zuba da yawa suna cin robar ta yamutse. Fentin wannan aikin kala uku ne. Akwai akirilik, irin Vallejo da ake sirkawa da ruwa da na Tamiya mai sifirit a ciki, baya wari sosai kuma yana bushewa da wuri. Akwai inamel, 'yan gwangwanayen Humbrol ɗin nan, yana kwanciya lumui da buroshi amma sai ka bashi awa shida ko fiye kafin ka ƙara wani, gara ma ka barshi ya kwana. Sai laka (lacquer a Turance, ba lakar ƙasa ba) irin Mr. Color, shi yafi ƙarfi da kyau a feshi amma warinsa ba na ɗaki a rufe bane. Ƙa'idar da zaka riƙe, mai zafi a ƙasa mai sanyi a sama, ana sa akirilik ko inamel a kan laka, amma laka a kan inamel yana tayar da shi ya tattare.

Kafin komai ka wanke jirgin da ruwan sabulun wanke-wanke ka barshi ya bushe, maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Sannan firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa, mai toka-toka shafi ɗaya marar kauri, ita take riƙe akirilik kuma ita take tona asirin duk inda baka goge da kyau ba.

Dole sai da bindigar feshi?

Ba dole bane, kuma bana son sabon shiga ya fara da ita. Buroshi yana fitar da jirgi mai kyau in ka yarda da abu ɗaya, ka sirka fentin ya yi ruwa kamar madara ka shafa sau uku ko huɗu. Shafin farko zai fito da muni, robar tana leƙowa ta ko'ina, zuciyarka zata ce ƙara lafta masa, kar ka biye mata, ka barshi ya bushe ka sake, a na uku zaka ga ya rufe kuma layukan jikin jirgin suna nan. Ka ja buroshin ta fuska ɗaya daga gaban fiffike zuwa baya, kar ka koma kan wurin da ya fara bushewa.

Bindigar feshi tana da amfaninta, launin azurfa na Mustang da MiG, da ɗige-ɗigen nan masu laushin baki na jikin jiragen Jamus, da wuya buroshi ya yi su. Mai allura milimita 0.3 ta isa komai, iska wajen 15 zuwa 20 a agogon kwamfuresa. Amma ka sani wanke ta yafi feshin cin lokaci, kuma in an ɗauke wuta kana tsaka da feshi fenti zai bushe a cikinta, shi yasa kwamfuresa mai ɗan tanki yafi mana, ko ba komai ka samu iskar da zaka wanke ta.

Fentina yana fitowa da garas-garas ga ƙura tana mannewa, ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da takardar cikin kwali bazata amsa maka ba, don waɗanda suka rubuta ta basu san hunturu ba. Lokacin hazo iska a bushe take ƙayau, akirilik yana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai shi jikin jirgi, a bindigar feshi kuma yana bushewa a iska ya sauka kamar yashi. Maganinsa ka ƙara sirki, ka matso da bindigar kusa, ka sa ɗigon maganin jinkirta bushewa in kana da shi, kuma ka yi aikin da sassafe ko da daddare, watan Maris da Afrilu kam da rana tsaka ɓata fenti ne kawai. Fanka a kashe. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara, kar a yi shara a lokacin, kana gama shafawa ka kifa masa babbar robar ajiye abinci ko kwali mai tsabta ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da murfin kwalba don iska ta shiga. In duk da haka gashi ko ƙura ta zauna, kar ka taɓa da ɗanyensa, ka bari ya bushe ka shafe da sanfefa 2000 da ruwa ka ƙara shafi.

Damina kuma nata salon daban, ranar da ake ruwa in ka fesa banish ko laka yakan yi fari-fari kamar an barbaɗa gari saboda laima. Ka jira rana ta fito. Kuma kar ka shanya jirgi a rana don ya yi saurin bushewa, ko ka manta kwali a cikin mota a rufe, robar lanƙwashewa take, fiffiken da ya lanƙwashe kuwa da wuya ya dawo.

Ya zan san asalin launin jirgin?

Rundunonin suna da launuka masu suna da lamba, takardar kit zata baka lambar fentin da ya dace. Jiragen yaƙin Ingila a 1940 kore mai duhu ne da ruwan ƙasa a sama, daga watan Agustan 1941 aka canza ruwan ƙasan zuwa toka saboda sun koma yawan shawagi a kan teku, waɗanda aka tura hamadar Masar da Libiya kuma ruwan ƙasa ne da launin yashi, cikinsu shuɗi. Jamusawa lambobin RLM suke amfani da su, 74 da 75 da 76 sune tokokin Bf 109 na tsakiyar yaƙi, Amurkawa daga baya suka zo da lambobin FS. Cikin mazaunin MiG-21 wani kore-shuɗi ne mai ɗaukar ido wanda in ka gani sau ɗaya bazaka manta ba. Ratsin baƙi da fari da kake gani a fukafukan wasu na saukar sojojin ƙawance a Normandi ta Faransa ne a watan Yunin 1944, don kar nasu su harbo nasu.

To amma kar ka bari gardamar launi ta hana ka aiki. Akwai mutanen da zasu shekara suna musu a kan wane kore ne daidai, alhali jirgin da ya yi wata shida a rana da ƙura launinsa ya riga ya koɗe, guda biyu a layi ɗaya ma basa zama iri ɗaya. In ka kusanta ya wadatar.

Sitikar tana yin wani ƙyalli fari-fari a gefenta, ko ta lalace ne?

Bata lalace ba, iska ce ta maƙale a ƙarƙashinta. Fenti marar sheƙi fuskarsa kaushi gare ta ko da ido baya gani, sitika bata kwanciya a kai. Shi yasa ake fara shafa banish mai sheƙi a bari ya kwana, sannan a manna, sannan a rufe da banish marar sheƙi a ƙarshe. Wajen mannawa ɗaya bayan ɗaya zaka yanko, ka tsoma a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ɗora a kan tishu ka jira har ta fara zamewa da kanta, ka jiƙa wurin da zata zauna, ka turo ta daga takardar da jiƙaƙƙen buroshi, ka daidaita, sannan ka mirgina audugar kunne a kai daga tsakiya zuwa gefe. Akwai ruwan laushi irin Micro Sol da Mr. Mark Softer da yake sa ta shige cikin layukan jiki kamar da fenti aka zana ta. In ka shafa zata yamutse ka ɗauka ta tashi aiki, kar ka taɓa, da kanta zata miƙe kafin safiya.

Gilashin kan matuƙi fa, ya ake fentin 'yan ƙarafunansa?

Da maskin tef da sabuwar reza. Ka manna tef ɗin, ka danna da tsinken sakace har layin firam ɗin gilashin, wato ƙarafunan, ya fito, ka bi da reza a hankali ka cire na kan firam ɗin. Ka fara shafa launin cikin mazauni sannan launin waje a kai, ta ciki in an leƙa sai a ga daidai. Wasu kit suna da tef yankakke da ake sayarwa daban, ga jirgi mai tagogi da yawa irin Blenheim ko Stuka kuɗin nan halal ne.

Naga wasu jiragen kamar sun tsufa, har da hayaƙi da ƙwarzane, ya ake yi?

Bayan sitika da banish mai sheƙi, ka sirka fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, ya yi ruwa sosai, ka taɓa a layukan jiki zai bi su da kansa, bayan ɗan lokaci ka goge na saman da tsumma ta fuskar da iska take bi, gaba zuwa baya. Ƙwarzane da fensir mai launin azurfa ko gutsuren soso, a gindin fiffike inda matuƙi da makanikai suke takawa. Hayaƙin salansa da garin alli mai launi. Shawarata a nan ka nemi hoton jirgin gaske ka ajiye a gabanka, don yanzu yayi ake a cika dauɗa har jirgi ya zama kamar daga bola aka tono shi, alhali wasu jiragen yaƙin duniya ko wata uku basu yi suna tashi ba aka rasa su. Kaɗan ya isa.

Akwai na jiragen Najeriya?

Jiragen kansu akwai su, tambarinmu ne ba kasafai yake zuwa a kwali ba. Rundunar sojan sama an kafa ta a 1964, lokacin yaƙin basasa ta yi aiki da MiG-17 da L-29 da Il-28, a 1975 MiG-21 ya zo, farkon shekarun 1980 Alpha Jet, 1984 Jaguar, sai L-39 da ake koyon tuƙi da shi a Kano, sai F-7 na Chana, a 2021 kuma JF-17 guda 3 da Super Tucano guda 12 da aka ajiye a Kainji. Airfix yana da MiG-17 a 1/72, Eduard yana da MiG-21MF da L-39, Kinetic yana da Alpha Jet a 1/48, HobbyBoss Super Tucano, Trumpeter kuma JF-17. Sa'ar da muka yi tambarin namu mai sauƙi ne, da'ira kore fari kore, da tuta a wutsiya, da kamfas mai yanka da maskin tef zaka iya fesa shi da kanka, lambobin wutsiya kuma ka tsinto daga ragowar sitikar wasu kit. 'Yan Nijar da Chadi da Sudan kuma Su-25 yana nan a kasuwa kamfanoni da yawa sun yi shi, Kamaru ma Alpha Jet gare su. Hoton da zaka duba ka nemo wanda rundunar ta fitar da kanta ko na 'yan jarida, kar sha'awa ta kai ka ɗaga waya a bakin sansanin soja.

Ni jiragen yaƙin duniya nake so, amma me ya haɗa mu da su?

Sun bi ta kanmu ai. Daga watan Satumban 1940 Turawan Ingila suna kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a haɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa El Geneina da El Fasher da Khartum a Sudan har Masar, saboda hanyar Bahar Rum ta yi haɗari. Dubban jirage ne suka bi wannan hanyar, Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, Hurricane 'yan kaɗan suna biye da shi. Saboda haka in ka haɗa Hurricane mai launin hamada da ƙatuwar matatar ƙurar nan a ƙarƙashin hancinsa, jirgi ne irin wanda ya sha mai a Kano. Ni a ganina babu kit ɗin da yafi dacewa Bahaushe ya fara da shi kamarsa, ga sauƙin haɗi ga launuka uku kacal.

Ɗan mutum-mutumin matuƙin da yake ciki fa, dole sai na sa?

Ba dole. Da yawa ma basa sawa don yana rufe aikin da suka yi a mazaunin, kit da yawa na yanzu ko zuwa da shi basa yi. Ka bar kujerar haka ka yanka siraran tef ka yi mata bel. Hukuncinsa kuma malaminka zaka tambaya, ni bangaren gam da fenti na sani.

Na sayi jirgin Jamus amma babu alamar nan ta wutsiya da nake gani a tsofaffin hotuna.

Ba mantuwa aka yi ba, dokar Jamus ta hana nuna alamar 'yan Nazi a kan kayan sayarwa irin wannan, shi yasa kamfanoni da yawa suke cire ta gaba ɗaya, wasu kuma su raba ta gida biyu a takardar sitika.

A ina ake samun su?

Galibi oda ake yi ta intanet ko a ba wani mai dawowa daga waje saƙo. Kit ɗin kansa bashi da nauyi amma kwalin iska ne, kuɗin aike yakan kusa kamo kuɗin kaya, in ɗan'uwa ne zai taho maka da shi kace ya cire firam ɗin a ledarsu ya ninke kwalin, sitika da gilashi a sa su tsakanin littafi. Fenti da gam da gwangwanin feshi su ne masu wahala don kayan kama wuta ne, jirgin sama baya son ɗaukarsu, akirilik mai ruwa yafi sauƙin shigowa. In kun kai ku biyu ko uku ku haɗa oda ɗaya.

Yaro zai iya? Kuma warin baya cutarwa?

Ɗan shekara 10 zai iya in babba yana kusa yana riƙe masa reza, akwai ma masu haɗuwa ba gam irin Quickbuild na Airfix. Gam da tina a buɗe taga, feshin laka da inamel kuma a waje ko da abun rufe hanci mai matata, takunkumin ƙyalle baya tare tururin. A ɗaga kwalaben sama inda ƙananan yara basa kaiwa, kuma kar a zuba tina a robar lemo ko ta ruwa.

Kwana nawa yake ɗauka, kuma ya zan ajiye shi in na gama?

Ƙaramin 1/72 in kana bashi awa ɗaya da daddare sati biyu zuwa uku ka gama, kuma yawancin lokacin jiran bushewa ne. Ajiya kuwa sai a cikin gilashi ko roba mai murfi, nesa da taga, don rana tana sa sitika da banish su yi rawaya. In ƙura ta hau kar a sa tsumma, buroshin kwalliya na mata mai laushi shi ne daidai, a riƙe jirgin ta gindin fiffike. Ka gayawa mutanen gida tun wuri cewa farfelar ba ta juyawa bace, don hannun kowane baƙo can yake fara zuwa, ka kuma tanadi 'yar kwalba da zaka riƙa jefa eriya da tayoyin da suka ɓalle har ranar da zaka zauna gyara.